Wayar Birki da Gwangwanin Kifi

Daren Talata, bayan an idar da sallar isha'i, muna zaune a teburin mai shayinmu na bakin titi nan Birnin Kudu, sai ga wani yaro ya zo wucewa da sauri, ya rungume buhun taki a ƙirji. Wuyan abin da ke ciki ya leƙo ta bakin buhun. Yayanmu da ke zaune kusa da fitila ya ce, "Kai ɗan nan, zo mana. Jita ce?"

Yaron ya dawo ya durƙusa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "E, Baba. Ta abokina ce."

Majalisa duka sai murmushi, don babu wanda bai taɓa ba da wannan amsa ba a cikinmu. A garin nan jita kullum ta aboki ce. Gurmi na aboki ne, kuntigi ma ajiya aka ba ka. Haka muka taso, haka 'ya'yanmu suka tarar. Mai shayi ya zuba wa yaron rabin kofi, aka matsa masa a gefen benci, hira kuwa ta juya gaba ɗaya ta koma kan tsirkiya, ba a tashi ba sai da dare ya raba.

Mu dai a nan ba a shago muke fara sayen abin kiɗa ba. Ƙera shi muke yi. Za ka nemi gwangwanin kifi, irin mai faɗin nan, ka wanke shi da toka har ƙarnin ya fita. Ka sami sandar gora siririya, ko wani reshe miƙaƙƙe. Fata kuwa sai ka jira babbar Sallah, ka yi ta kewaya inda ake fiɗa har wani ya tausaya maka ya yanko maka ƙyallen fatar akuya. Ka jiƙa ta, ka kankare gashin, ka ja ta a bakin gwangwanin tun tana da laushi, ka ɗinke ta baya, ka shanya a kan danga kana gadin ta saboda karnuka. Sai babban aiki, wato tsirkiya. Nan ne kowa yake zama yaron mai gyaran keke na kwana biyu: ka riƙe masa taya, ka ɗebo masa ruwan duba faci, ka buga masa famfo, duk don ya ba ka tsohuwar wayar birki. Ka zauna ka warware ta sili-sili, ka zaɓi wanda bai yi tsatsa ba. Ka fere ɗan guntun kara ka yi jaki, ka ɗora wayar a kai, ka ɗaure a wuyan sandar. Ranar da ka fara taɓa ta ta ce "tin", wallahi ko an kira ka cin tuwo ba ka ji.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a watan Yuni na 2015, da irin wannan ɗan ƙaramin kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Duk yaron da ya ji shi a Rediyon Kaduna ko Rediyon Kano, a zamanin da mu ma muke cikin Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991, sai ya dubi gwangwanin da aka yar a bola da wani ido daban.

Akwai wani kawunmu mutumin Gwaram da ya daɗe da zama a nan, amma har gobe in an taɓo Gwaram sai ya gyara zama. Ina cikin wannan bayani a majalisa, shi ne ya katse ni.

"Ku mutanen Birnin Kudu me kuka sani a tsirkiya? Wasan yara kuke yi da gwangwani. Ku zo wajenmu ku ji garaya. Can ta Fagam da Farin Dutse, inda daji yake daji, in maharba za su fita, mai garaya ya zauna ya kama taken mutum, ga caki yana bi, sai ka ga dattijo da furfura ya miƙe tsaye jikinsa yana tsuma."

Yaya ya ce, "Kawu, a yi mana afuwa. Ku sai kun nemo fata da ƙwarya kafin ku yi kiɗa. Mu duwatsunmu ma kiɗa suke yi."

Wannan kuwa gaskiya ce, ba cika baki ba. Duk wanda ya yi ƙuruciya a garin nan ya hau duwatsun da ke kewaye da mu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse. A wuraren akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse suke amsawa kamar ƙararrawa, wannan da murya siririya, wancan da kauri, kuma ga gurabun da hannayen mutane suka lotsa saboda yawan bugu. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu tun 1956, masana suka yi ta zuwa kallo. Mu kuwa wurin wasanmu ne. Yaro uku ko huɗu, kowa ya kama gurbinsa, wannan ya buga, wancan ya amsa. In ka duba da kyau, a nan kunnen da yawa daga cikinmu ya fara rarrabe murya ta sama da ta ƙasa, tun kafin mu san sunan wani abin kiɗa.

Kawu ya ce ya yarda da dutse, amma dutse ba ya rakiyar mutum farauta. Aka yi dariya, aka bar masa.

Abin da na fi so in faɗa, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne yadda ake koyar da mu. A unguwarmu akwai wani tsoho mai gurmi, Allah ya jiƙansa, wanda yake kaɗa wa 'yan kokawa bayan an gama girbi. Gurminsa na ƙwarya ne, an rufe da fatar guza, tsirkiya biyu. Ba ya cewa "sa yatsanka nan, ɗaga wancan". Kai dai ka bi shi, ka ɗaukar masa tabarma, ka zauna a gefe. Sai ka yi wata da watanni kana kallon hannunsa kafin ya miƙo maka. Ranar da ya miƙo mini, na ɗauka wani babban take zai koya mini. Sai ya ce, "Yaro, ce kuka."

Na ce, "Kuka, Baba."

"Wace? Ta miya, ko wanda ƙaninka yake yi in an yaye shi?"

Na ce ta miya. Ya ce, "To sa tsirkiyar ta faɗa." Na taɓa sau biyu. Ya girgiza kai. "Wannan kukan yaro ne. Muryarka ba ta sauka ba. Kukar miya tana hawa ne ta sauko." Ya kama yatsana ya danna a wuyan gurmin, na kaɗa, ya ɗaga shi, na sake kaɗawa. Sai na ji da kunnena ƙwarya da fata sun ce "kuka", ta miya sak. Daga nan ya ba ni "wuya": wuyan da ake rataya laya, da wuyar da ake sha a gona. Kwana bakwai ina kan kalmomi biyun nan.

Sai da na girma na gane abin da tsohon ya yi mini. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kalma ɗaya in ka canza mata karin murya ta zama wata. Saboda haka makaɗinmu ba sauti kawai yake nema ba, magana yake sa abin kiɗansa ya yi. Shi ya sa mai kalangu zai kira sunanka daga nesa ka waiwayo, shi ya sa ɗan kokawa yake jin takensa a gurmi ya fito fili ba tare da an buɗe baki ba. Karatun farko na mai tsirkiya a ƙasar nan jimla ce. In tsirkiyarka ba ta iya Hausa ba, ba ka fara ba tukuna.

Jita kuma da na gamu da ita, sai na tarar da wata makaranta dabam. Muna sakandare aka turo mana wani malami ɗan bautar ƙasa daga kudu, mutum mai haƙuri, yana da jita ta katako da yake kaɗawa da yamma a ƙofar ɗakinsa. Mu uku muka liƙe masa, muna ɗebo masa ruwa. Da ya ɗora mini ita a cinya sai na ji kamar an ba ni ƙofar ɗaki in riƙe. Tsirkiya shida! Ga wasu ƙananan ƙarafa an gitta a wuyanta gaɓa-gaɓa, alhali wuyan gurmi sumul yake, kunnenka ne yake gaya maka inda za ka tsaya. Ya ce a jita ba tsirkiya ɗaya ake bi ba, kamu ake yi: ka danne biyu ko uku lokaci guda, ka shafo duka, muryoyi su fito a haɗe.

Kamun farko da ya nuna mini yatsu biyu kawai yake so, a gaɓa ta biyu, kan tsirkiya ta biyar da ta huɗu. Masu jita suna rubuta shi Em. Na danna, na shafo da babban yatsa daga sama har ƙasa. Har yau ina jin wannan sauti a ƙirjina. Wani irin amo mai zurfi, mai sanyi, kamar hadari ya haɗo daga gabas da la'asar. Ban taɓa jin muryoyi shida sun fito daga hannuna ni kaɗai ba sai ran nan.

Daɗin bai daɗe ba, wuya ta biyo. Aka shiga Am da C, masu yatsu uku, sannan G da yake son ka baza hannu kamar mai auna taƙi. Wayar ƙarfe ta yi ta cin kan yatsu, har jan layi take bari. In za ka yi alwala da asuba ruwan sanyi ya taɓa wurin sai ka ja tsaki. Ka danna da kyau a ganinka, ka kaɗa, sai wata tsirkiyar ta yi zizar ƙudan zuma don gefen yatsanka ya taɓa ta. Ka gyara wannan, waccan ta mutu. Tashi daga C zuwa G kuwa, sai ka tsaya ka jera yatsu ɗaya-ɗaya kamar mai shuka gyaɗa, kafin ka gama waƙar ta yi nisa ta bar ka. Malam yakan ce, da 'yar Hausarsa da ya tsinta a kasuwa, "Sannu sannu, ɗalibi." Bayan kamar mako uku kanta ta fito a kan yatsun, zafin ya tafi. Sai ya kawo F, wanda ake shimfiɗa manuniya ta danne duka shida. A nan abokaina biyu suka ajiye. Ni ma ban same shi ba sai ana saura kwanaki kaɗan Malam ya gama hidimarsa ya tafi, ya tafi da jitarsa.

Amma ko a lokacin akwai abin da yake damuna, ban san yadda zan faɗa masa ba. Sautin yana da daɗi, sai dai ba ya cewa komai. Na kai ƙarar wannan wurin tsohon mai gurmi, na kwatanta masa. Ya yi shiru, ya ce, "Mutum shida in suka yi magana lokaci guda, wa za ka ji?"

Na ɗauki shekaru ina ganin jita da gurmi ba za su taɓa zama inuwa ɗaya ba. Sai da wayar hannu ta zo, samari suka fara tura wa juna waƙoƙi, kiɗan Buzaye na Agadas ya iso mana. Na saurara, na ce ikon Allah, ga jita tana tafiya kamar molo: tsirkiya ɗaya tana riƙe da gindi, wata tana zuba zance a kai. Ashe hanyar da muka bi su ma ita suka bi. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake cika zauruka a Amurka da Turai, jitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke, don gidansu ba a son kiɗa. Kuma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, waɗanda suka ci kyautar Grammy a 2012, shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Marigayi Ali Farka Toure na Mali da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya soma kafin ya taɓa jita, kuma abin da ya koya a can shi ya ɗauko ya zuba a nan. Da na ba majalisa wannan labari, mai shayi ya ajiye ludayi ya ce, "Wato wayar birkin nan har Amurka ta kai mutum?" Ta kai shi kuwa.

To me ya sa namu suke tsayawa a buhun taki? Mun san dalili, gara mu faɗa wa kanmu. Mu mutane ne masu son kiɗa, amma ba ma son makaɗi ya fito daga zaurenmu. In ana biki mu ne a gaba wajen liƙi. Direbanmu daga nan har Wudil yana jin Haruna Uji, mutumin Haɗeja, ɗan jiharmu, wanda ya ɗaga gurmi ya kai shi inda bai taɓa zuwa ba, fasinja kowa yana kaɗa kai. Dattawanmu in aka sa Garba Supa ko Ahmadu Doka da kukumarsu, sai ka ga ido ya kawo ruwa don tuna zamani. Amma ɗanka ya shigo da gurmi, sai ka ce, "Mu ba gadonmu ba ne, so kake a ce ɗan wane ya zama maroƙi?" In ya je neman aure a yi ta ƙus-ƙus. Ni kaina kuntigina na farko a murhu ya ƙare, kuma wanda ya jefa shi mutum ne mai ƙaunata, yana ganin gata yake yi mini. Innata ce ta kira ni ɗaki da dare ta ce, "Yi haƙuri ɗana, in ka sake yin wani ka kawo in ɓoye maka a bayan tukwane." A bayan tukwanen Inna na biyun ya yi shekara biyu.

Wanda ya guje wa kiɗa saboda abin da ya fahimta a karatunsa na addini, ya kuma kiyaye kunnensa da aljihunsa daga gare shi, wannan ina girmama shi, magana ɗaya yake yi. Malamai sun yi bayaninsu, ni ba mai fatawa ba ne. Da sauranmu nake, mu da muke jin daɗin abin a mota da gidan biki, mu raina mai yin sa da rana. Wannan ba tsoron Allah ba ne, girman kai ne, kuma shi yake cinye mana tsofaffin makaɗa ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun bar magaji ba. Tsohon da ya koya mini "kuka" ya rasu da takensa na 'yan kokawa fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Abin da na riƙe bai kai biyar ba.

Yaran yanzu kuma nasu ya zo da sauƙi ta wani gefe, da wuya ta wani. Waya ce malaminsu. Yaro ya sayi data, ya buɗe YouTube, wani Bature ko Ba'indiye ya nuna masa inda zai sa yatsa, har saita tsirkiya waya ce take yi masa. In tsirkiya ta tsinke sai an ba direba saƙo ya sayo a Sabon Gari a Kano, kafin ta iso kuwa an koma gidan jiya, wurin mai gyaran keke. Yawancinsu ma fiyano suke so, don ita ce take ci a situdiyo, ita kaɗai ta yi kalangu ta yi sarewa ta yi goge. Ban ga laifinsu ba, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Abin da yake ba ni tausayi shi ne yaro ya iya kamu goma sha, amma bai taɓa zama gaban mai gurmi ko sau ɗaya ba, alhali mai gurmin yana nan bayan layinsu yana saƙar igiya.

Yaron buhun taki yana zaune duk yana jin mu, shayinsa ya huce. Kawu ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, fito da ita mu ji."

Ya ɗan yi jim, ya waiwaya ta hanyar gidansu, sannan ya zare ta. Tsohuwa ce, an ɗaure gefenta da salatif. Ya kaɗa Em, ya koma C, ya tafi G, ya sauka D, hannunsa yana rawa amma bai yi kuskure ba. Na duba kan yatsunsa a hasken fitila, kanta ta fito. Wata huɗu ke nan da ya fara, in ji shi, a bayan makarantar firamare yake zama in an tashi.

Kawu ya ce, "Madalla. To yanzu bar biyar ɗin nan su huta. Kama ta ƙasan nan siririya. Ce mini Gwaram."

Yaya ya ce, "Haba Kawu, a garinmu?"

"A garinku. Ce Gwaram, yaro."

Yaron ya lalubo, ya taɓa nan, ya taɓa can. Karo na farko bai yi ba, na biyu ma haka. Kawu ya sake faɗin kalmar a hankali, yana ɗaga hannu yana saukewa. A karo na huɗu tsirkiyar ta faɗa, kowa ya ji. Mai shayi ya yi kabbara. Yaron ya dubi jitar kamar yau ya fara ganin ta, ya sake kaɗawa, ya kuma sakewa. Ba wanda ya ce masa komai, shi da kansa ya nemo "Kudu".

Roƙona ga mutanenmu, daga Sundimina da Wurno da Kantoga har Sara da Basirka da Kila, shi ne duk wanda yake da tsohon mai gurmi ko garaya ko kukuma a unguwarsu, ya je ya gaishe shi. In ka san yaro mai ɓoye jita a buhu, ka nemi iznin mahaifinsa da ladabi, ka kama hannunsa ka kai shi. Ku riƙa wa tsohon ɗan abin goro, don iliminsa ne zai bayar. In ya yarda, ku ɗauki takensa a waya, ku tambaye shi na wane ne, a wane fili aka kaɗa shi, ku rubuta.

Yaya ya ɗauki nauyin zuwa wurin mahaifin yaron, don tare suka yi makarantar allo. Kawu kuma ya ce garayarsa tana Gwaram a rataye a ɗakin ƙaninsa, fatar ta saki amma za ta gyaru, ya riga ya aika a kawo masa. An yi da yaron zai dawo ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidan Kawu, kuma an ce masa ya zo da ita a hannu, ya bar buhun a gida.